Hukuncin Zaftare Ladan Ɗan Ƙwadago Bayan Ya Gama Aiki

Duk shekara, tun daga noman farko har zuwa ƙarshen cirar auduga, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a gonakin da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, gardamar da ba ta kan kai gaban alƙali ba, ba a kuma jin labarinta a rediyo, amma da wuya a sami ƙauye ɗaya a ƙasar Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur wanda ba a taɓa yinta a bakin gona da la'asar sakaliya ba. Mai gona ya ɗauki 'yan ƙwadago tun da sassafe, an yi ciniki an daidaita, sun duƙa tun rana ba ta yi zafi ba har ta karkata. Sa'an nan, bayan sun saɓa fartanyu sun taru a gindin ɗorawa suna jiran sallama, sai ya taka cikin kunyoyi, ya tsaya nan ya tona da ƙafa, ya tsaya can ya tumɓuke ciyawa biyu ya ɗaga, ya dawo ya ce aikin bai yi ba, don haka zai rage sulusin abin da aka yi alkawari. Babban cikinsu ya ce, "Haba Alhaji, ai ba haka muka yi da kai ba." Shi kuwa ya ce, "Ku ma ba haka kuka yi da ni ba. In za ku karɓa, ku karɓa." Dole su karɓa, domin a gida ana jiran kuɗin awo, kuma maganar takan ƙare ne da ɗayansu ya ce ya bar shi da Allah.

A cikin gari ma haka abin yake, sai dai a can da biro da takarda ake yi. Yaron gidan mai ko na gidan burodi ya makara da minti 15, a soke masa ladan wuni guda, alhali kuwa ya tsaya ya yi sauran wunin a bakin aiki. A sami giɓi a lissafin shago, a raba shi a kan duk yaran da ke wurin ba tare da an bincika hannun wa ya bi ba. Wanda ya ce zai bar aiki ran 20 ga wata a ce masa kwanakin da ya yi sun bi ruwa tun da bai cika wata ba.

Ra'ayina a kan wannan mas'ala, wanda nake fatan in kafa masa hujja daga shari'a da doka da kuma abin da hankali ya yarda da shi, shi ne ladan aikin da aka riga aka yi ya fita daga mulkin ubangida tun sa'ad da aikin ya auku, ya zama bashi a wuyansa, ko da kuwa kuɗin suna cikin aljihunsa har yanzu. Saboda haka ba shi da ikon ya taɓa shi da sunan horo, komai ɓacin ran da aka jawo masa. Wannan bai hana shi ƙin biyan sa'o'in da ba a yi masa aiki a cikinsu ba, bai hana shi cire kuɗin da ya ba da tun gaba bisa yarjejeniya ba, bai kuma hana shi neman diyyar ɓarnar da aka yi masa da gangan ba. Abin da na musanta shi ne mutum ɗaya ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne kuma mai cin tarar.

Ƙwadago ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, hasali ma da shi aka gina arzikinta. Tun zamanin da kamfanin BCGA na Turawan Ingila ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar inganta iri a Daudawa, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa har ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kudancin Katsina ya zama wurin da masu ƙarfi a jika ke nufa daga arewa don neman kuɗin haraji da na aure. Da masara ta bunƙasa daga baya, ta zo da takin zamani da manyan gonaki, buƙatar hannuwa sai ƙaruwa ta yi. Wani masani, Paul Clough, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Malta, ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi daga 1977 zuwa 1979, ya kuma yi ta komowa a shekarun da suka biyo baya, har ya fitar da littafi a 2014 a kan yadda manoma da 'yan kasuwar wannan yanki ke tara dukiya. Abin da ya nuna, wanda dattawanmu ba su buƙatar littafi kafin su gaskata shi, shi ne mu'amalar mai gona da masu yi masa aiki ba ta tsaya ga kuɗin wuni ba, a nannaɗe take da rance da gudummawar aure da barantaka da zumunci. Wanda ya yi maka noma yau, gobe kuna sahu ɗaya a masallaci, wataƙila ma surukin ƙanenka ne. In ka cuce shi, kafin magariba gari ya ɗauka, in damina ta kama kuma ka nemi masu aiki ka rasa. Kunya da tsoron bakin mutane su ne suka tsare ladan talaka a wancan zamani fiye da kowace doka.

Wannan katanga ita ce ta fara rushewa. A 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, magidanta da yawa waɗanda a da su ne ke ɗaukar 'yan ƙwadago sun bar gonakinsu sun dawo gefen gari, su da kansu yanzu suke fitowa da fartanya suna jiran mai ɗauka. Irin wannan mutum baƙo ne a inda yake aiki, ba shi da dangin da za su tsaya masa, ba shi da rumbun da zai dogara da shi in ya yi fushi ya ƙi karɓa, bayansa kuma akwai wasu goma da ke jiran gurbinsa. Mai gonar da ya zaftare ladan irin wannan bawan Allah ya san sarai ba za a iya ja da shi ba, kuma sanin nan, ba ciyawar da aka bari a kunya ba, shi ne ainihin abin da ya ba shi ƙarfin hali.

To, me shari'a ta ce? Kowa ya haddace hadisin da Ibn Majah ya ruwaito na gaggauta biyan lada tun gumi bai bushe ba, amma wancan magana ce a kan jinkiri. Wanda ya fi dacewa da mas'alarmu shi ne hadisi ƙudusi da Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci mutum uku waɗanda Shi da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, na ukunsu kuwa shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, sa'an nan bai ba shi ladansa ba. Ya kamata mai karatu ya lura da wanda aka jera shi da shi: mutumin da ya sayar da ɗa, wato wanda ba bawa ba, ya ci kuɗinsa. Dalilin haɗa su a fili yake, domin duk biyun sun ci moriyar jikin ɗan Adam ba tare da musaya ba. Wanda kuwa ya biya sulusi biyu ya riƙe sulusi ɗaya, to, a gwargwadon sulusin nan ya sa ɗa aikin bauta.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shehu Halilu ake karantawa a zaurukanmu har gobe, sun yi wa wannan babi tafsili wanda ya kamata kowane mai gona ya sani kafin ya san farashin taki. Sun sharɗanta a ijara, wato ƙullin ɗaukar ma'aikaci, a ambaci lada a kuma ƙayyade aiki ko lokaci tun kafin a fara, don gudun jahilci da husuma; in aka fara ba a ambata ba, ko ƙullin ya ɓaci, ma'aikaci ba ya tashi a banza, ana ba shi ladan da ake ba irinsa a wannan wuri. Sun kuma ɗauki ɗan ƙwadagon da ke aiki a ƙarƙashin idon ubangidansa a matsayin amintacce, wanda ba ya lamunin abin da ya lalace a hannunsa sai in an tabbatar ya yi ganganci ko sakaci, saɓanin masu sana'a irin su maɗinki da marini, waɗanda kan tafi da kayan mutane inda mai kaya ba ya gani, su aka ɗora wa lamuni saboda maslahar jama'a. Ashe ke nan yaron da garma ta karye a hannunsa cikin aiki na al'ada, ko wanda buhu ya yage yana lodi, ba a cire masa ko kwabo, sai in ubangida ya kawo hujja. Hujja kuwa a kan mai da'awa take, ba a kan wanda ake tuhuma ba.

Akwai inda masu gona suka fi fakewa, wato jinga. Sukan ce, mun yi da kai za ka nome wannan gona a kan kaza, ba ka gama ba, don haka ba ka da komai. Wasu ma har sukan kawo hukuncin ji'ala, inda ba a cancanci lada sai da kammala aiki. Amma malaman da suka faɗi wannan hukunci sun faɗe shi ne a kan aikin da rabinsa ba ya amfanar mai shi da komai, kamar neman dabbar da ta ɓata, wadda ko a gan ta ko ba a gan ta ba. Shi ya sa suka bambanta tsakanin haƙa rijiya a dajin da ba na kowa ba da haƙa ta a cikin filin wanda ya sa aikin, domin a na biyun, in mahaƙi ya tsaya a rabi, ramin ya zauna a mulkin mai fili ya amfane shi kyauta. Gonar da aka nome rabinta kuwa, rabin nan nomamme ne, masarar da ke cikinsa ta huta da ciyawa, mai gona ne kuma zai karye ta da kaka. Ko a ji'alar kanta, Halilu ya bayyana cewa in wanda ya sa aikin ya ɗauki wani ya ƙarasa, na farko yana da rabonsa gwargwadon abin da ya gabatar. Mu ƙaddara an yi jinga a kan naira 20,000, aka nome kashi uku cikin huɗu, sa'an nan zazzaɓi ya kayar da mutum, ko labari ya zo an shiga ƙauyensu ya ruga ya ga iyalinsa: ban san wata fuska ta shari'a da za ta halatta a sallame shi hannu rabbana ba.

Game da tara kuwa, malamai sun yi saɓani mai tsawo a kan ko ya halatta hukuma ta yi horo da karɓar dukiya, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora ba, da mayar da hukunci ya zama ƙwace dukiya, a cikin ɗabi'un sarakunan da ya yi wa inkari. In har abin da aka yi wa sarki da alƙali taƙaddama a kansa ke nan, ina ga mai gidan burodi?

Dokar ƙasa ma, wadda mutane da yawa ke zaton ba ruwanta da talaka, a wannan wuri ta yi muwafaƙa da fiƙihu ƙwarai. Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Gowon, take kuma cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta hana a sashenta na 5 ubangida ya cire wani abu daga ladan ma'aikaci da sunan tara, ta kuma hana shi ƙulla yarjejeniya da ma'aikaci a kan haka, wato ko an sa yaro ya sa hannu a takarda ran da aka ɗauke shi, sa hannun bai halatta abin ba. In ma'aikaci ya jawo hasara da gangan ko da sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tukuna; kuma jimlar abin da za a cire a wata ɗaya ba za ta wuce sulusin ladan watan ba. Dokar ta shafi mai aikin ƙarfi da akawu, ko an rubuta yarjejeniyar ko da baki aka yi ta, ko da yake ta ware manyan ma'aikata masu gudanarwa da ƙwararru. Nijeriya kuma tun 1960 ta rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1949 don kare lada. Ingila kanta sai da ta yi dokoki a 1831 da 1896 kafin ta shawo kan masu masana'antun da ke biyan leburori da kayan kantinsu suna kuma yanka musu tara yadda suka so, domin wannan cuta ba ta wata al'umma ɗaya ba ce, duk inda mai ɗauka ya fi mai nema ƙarfi takan ɓulla.

Sai dai tsakanin dokar da bakin gona akwai tafiya mai nisa. Jami'in da ake neman amincewarsa yana Katsina, kusan kilomita 200 daga Funtuwa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe shari'un ƙwadago ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sai an je Kaduna ko Kano, kuma babu mai hankalin da zai biya kuɗin mota da na lauya don bin ladan wuni biyu. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda aka ɗaga zuwa naira 70,000 a 2024, ta tsame wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, da aikin jinga, da aikin lokaci irin na noma, wato ta tsame kusan duk wanda nake magana a kansa.

Ba zan yi wa masu gona adalci ba in ban faɗi nasu kukan ba, kukan kuwa na gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin huɗa da na dako da na taki suka yi tashin da manomi bai taɓa gani ba, wani lokaci kuma ya kai masara kasuwar Ɗandume ya tarar farashin bai mayar masa da abin da ya zuba ba. Akwai kuma 'yan ƙwadago marasa amana, waɗanda kan binne ciyawa da ƙasa maimakon su sare ta, ruwa ɗaya ya sauka ta miƙe kamar ba a taɓa ba; akwai mai karɓar kuɗin gaba a wuri uku ya ɓace; akwai wanda in mai gona ya juya baya sai ya nemi inuwa. Wannan duk ha'inci ne, ladan da aka ci ta wannan hanya kuwa haram ne, ba na shakka. Amma maganin ha'inci shi ne a tsaya a kan aiki tun ana yinsa, a nuna kunyar da ba ta yi ba a ce a maimaita ta tun rana na sama, ko a sallami mutum da azahar a biya shi rabin wuninsa, a kuma daina ɗaukarsa. Wanda ya ga aibi da hantsi ya yi shiru, ya bari aka yi masa aiki har la'asar, sa'an nan ya fito da aibin a lokacin biya, bai nemi gyaran gonarsa ba, rangwame ya nema. Wannan daidai yake da mai awon da ya cika mudu ya yi tozo in shi ke saye, ya shafe bakinsa in shi ke sayarwa, kuma sura guda aka saukar a kan masu wannan hali. Faɗuwar kasuwa kuwa ba ta shiga lissafin ɗan ƙwadago, domin shekarar da masara ta yi tsada ba a kira shi an ƙara masa ba. Wanda ba a yi tarayya da shi a riba ba, ba a ɗora masa hasara.

Tun da kotu ta yi nisa, tilas gyara ya taso daga inda abin ke faruwa. Ina ganin wajibi ne dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma na wannan yanki su mayar da shi ƙa'ida sananniya, a shelanta ta kafin faɗuwar damina, cewa ba a fara aiki sai an ambaci lada da iyakar aiki a gaban mutum na uku, ko da heluman 'yan ƙwadagon ne. In kuma saɓani ya auku, a fara biyan abin da ba a gardama a kansa nan take, sauran a ajiye shi hannun mai unguwa, a aiki dattijo biyu masu sanin noma su je su dubi gonar kafin ruwa ya sauka ya shafe shaida. Riƙe dukkan lada don a tilasta wa mai jin yunwa ya yarda da ragi, wannan ba sulhu ba ne, tursasawa ce, yardar da aka samu ta haka kuwa ba ta halatta dukiya. Limaman Juma'a, waɗanda kan yi huɗuba a kan zakkar amfanin gona duk kaka, ya dace su haɗa da babin ijara, domin zakka ba ta tsarkake buhun da ladan wani ke cikinsa. Hukumar Hisba, wadda ofisoshinta suka fi kotu kusa da talaka, tana iya karɓar irin wannan ƙara ta sasanta ba tare da kuɗi ba. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma, waɗanda muryarsu ba ta kan tashi ba sai a kan albashin gwamnati, su tuna cewa yaron gidan mai ma ma'aikaci ne.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi a cikin wannan al'amari su ne mata da 'yan mata masu cirar auduga da ɓarar masara da tsinkar tumatir a fadamun Ɗanja, waɗanda ake biya da awo. Ba su ne ke riƙe da sikeli ba, da yawansu ba su karanta lambar da ke jikinsa, in an ce an cire kaza saboda raɓa ko datti ba su da bakin musu, kuma ba su zuwa zauren mai unguwa su tsaya gaban maza su yi ja-in-ja da Alhaji. A nasu sha'anin, ƙa'idar da za ta yi amfani ita ce a faɗi abin da za a cire na raɓa da datti tun da safe, a yi awon a fili a gaban wata babba da su da kansu suka zaɓa, a kuma biya su a ranar, ba a ce sai an kai kaya kasuwa an dawo ba.